Inda Hannun Kafinta Ba Ya Kaiwa

Katakon gefen wata ƙofa ne ya sa ni wannan rubutu. Duk ƙofofin gidan sun dushe, fenti ya ɓaɓɓare, amma gefe ɗaya na ƙofar ɗakin Kafinta, daga daidai ƙugu zuwa daidai kafaɗa, ƙyalli yake kamar an bi shi da samfefa an shafe da mai. Ba wanda ya goge shi. Bayan mai ɗakin ne ya yi wannan aiki.

Kafinta maƙwabcina ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Ni facin taya nake yi, rumfata tana kallon ƙofar gidansu, titi ne kawai tsakani. Tun da ƙodarsa ta ajiye aiki, ni nake goya shi a babur zuwa asibiti ranakun wankin ƙoda, don ɗansa ma'aikacin ofis ne, kuma a faɗarsa in ba ya nan ofis ɗin tsayawa yake cak. Manaja muke ce masa a unguwa. Ban sani ba ko manajan ne da gaske, amma tafiyarsa dai ta manaja ce.

Wankin bai dami Kafinta ba. A kwantar da shi, a haɗa bututun da ke ƙasan wuyansa da na'ura, jini ya fita ya zago ya dawo, shi kuwa yana ta kushe wanda ya haɗa kujerun ɗakin. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙaiƙayi.

"Mai Faci, ka san tururuwa?" in ji shi. "To ka ɗauka an juye min buhu guda a riga, an ɗinke wuyan."

Hannu yana ƙaiƙayi, ƙwauri yana ƙaiƙayi, amma hedkwatar tururuwan tsakanin kafaɗunsa take.

Nas ɗin da ke kula da shi gajeriyar mace ce, ba ta maimaita magana. Ta duba shi ta ce, "Baba, wannan ba cutar da ake ɗauka ba ce. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ne, ga bushewar fata." Ta ba mu wata babbar roba ta farin man shafawa, marar ƙamshi, mai sanyaya fata. Ta ce a shafa safe da yamma bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba. Ban da ruwan zafi, ban da mai mai turare, a yanke farce, a ajiye robar a firji don sanyin ya ƙara kwantar da ƙaiƙayin. Sai ta nuna bututun da yatsa. "In kuka sosa har fata ta fashe ta yi ruwa, ƙwayar cuta ba ta da nisa da nan. In ta shiga jini sai mun cire wannan mun kwantar da ku, kuma ba kowa ke tashi daga irin wannan kwanciya ba."

Ni na ɗauko robar har tsakar gida, na maimaita maganar nas a gaban kowa, ban rage ko ɗaya ba. Manaja yana danna waya ya ce, "To, to, za a yi." Matarsa ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta kalli tafin hannunta. 'Yarsu, wadda kakan ke kira 'Yar Boko, ta buɗe robar ta shinshina ta ce, "Kai, da laushi."

Hannu da ƙafa Kafinta yana shafa wa kansa. Baya ne aiki. Baya kuwa sai da hannun wani, kuma a nan ne kowa a gidan ya zama lauya.

Manaja ya ce yana fita kafin Baba ya yi wanka, yana dawowa a gajiye, ko takalminsa da ƙyar yake cirewa. Surukar ta ce, "Ina ni ina ganin bayan Baba? Ai da kunya." Wannan na karɓa, magana ce. Amma da na ga ta ware masa kofi, ta ware masa tawul, ta jawo kujerarsa can gefen bango ita kaɗai, na tambaye ta dalili. Ta rage murya ta ce, "Kai ma ka san likitoci ba sa faɗin komai. Abin nan da ƙazuwa yake kama."

Saura 'Yar Boko. Ta ɗaga masa faratanta, dogaye, kowanne da kalarsa. "Tsoho, da waɗannan? Ai sai in yage ka."

"Abin da nake nema ke nan. Zo ki yage ni, in bar miki zartona gado."

Ta yi dariya ta shige ɗaki.

Kada wani ya ce ni me ya hana ni. Na gwada. Hannun da ya shekara yana kokawa da taya da gam ba hannun shafa mai ba ne. Ina shafawa Kafinta yana lumshe ido yana cewa, "Yawwa, danna, ƙara sama, Allah ya yi maka albarka." Ashe ba shafa nake ba, susa nake. Da nas ta ga jajayen layuka a bayansa ta kama hannuna ta juya shi ta ce, "Wannan hannu ne ko bulo? Kada ka ƙara." Shi ma Kafintan da ya yi tunani ya ce, "Bar shi, Mai Faci. Ina da ɗa a gida, a ga maƙwabci yana tsallako titi safe da yamma don ya shafa min baya? So kake a riƙa nuna yaron nan da baki?"

Sai ya koma sana'arsa. Ya samo wani siririn katako ya feƙe, ya ɗaura masa tsumma a kai. Tsumman ya sha mai ya ƙoshi, bayansa bai samu komai ba, bakin katakon kuma ya huda tsumman ya karce shi. Daga nan ya jefar, ya koma wa gefen ƙofa. In ka shiga gidan sai ka same shi tsaye, ya ba ƙofa baya, yana sama yana ƙasa kamar bijimi ya samu kututture, yana gaishe ka a haka.

Abin mamaki, mai yana ƙarewa. Robar da nas ta ce za ta daɗe, kafin ka ankara an ga gindinta. Ni kuma daga rumfata komai nake gani. Na ga fuskar 'Yar Boko ta yi sumul. Na ga takalmin Manaja yana ɗaukar ido. Hatta ƙyauren gidan da ya saba kuka in an buɗe, ya yi shiru. Kowa da komai a gidan ya samu sauƙi, ban da mai ciwon.

Wata safiya na shiga ɗaukarsa, na tarar da surukar zaune kan kujera 'yar tsuguno, robar a tsakanin ƙafafunta, tana cusa wa fason dunduniyarta.

"Sannu da aiki," na ce. "Maganin Yaya ne wannan, ko idona ne?"

"Ɗan kaɗan na lakata. Ai da yawa ne, kafin ya shafe shi duka sai ya lalace."

"Ke kika ce ƙazuwa ce. Kullum yatsansa yana shiga robar nan."

Ta tsaya da yatsa a sama, ta yi ɗan tunani. "Ai firji yana kashe ƙwayar cuta."

Ban taɓa jin haka ba, amma ba ni da firji, sai na wuce ɗakin Yaya.

Kuma kada ka ce ba sa kula da shi. Suna kula, irin tasu. Surukar takan dafa masa ruwan wanka har yana tururi, wai don ya ƙone abin da ke cin sa. Ya fito jawur, ya ji daɗi na ɗan lokaci, daga baya tururuwan su dawo da 'yan'uwansu. Da robar ta yi ƙasa sosai, 'Yar Boko ta cike ta da nata man mai ƙamshin fure ta juya da cokali, don kada a gane. Kafinta ya yini yana ƙamshi kamar shagon gyaran gashi, yana susa da hannu biyu. Manaja kuwa da ya ga jini a rigar uban, ya kawo shawara irin ta ofis: a sa masa safa a hannu. Aka sa wa dattijo safar ƙafa a hannu biyu, yana zaune kamar ɗan dambe da ya yi ritaya.

"Baba ba ya jin magana ne," Manaja ya ce min a bakin ƙofa. "An ce ya daina susa, ya ƙi. Ga magani ana ta karɓowa. Mu me za mu yi?"

"Ka taɓa ganin bayansa?"

"Na makara, Mai Faci, sai na dawo."

Kafinta ya rame. Barci ya gagare shi, da rana sai ya riƙa gyangyaɗi a zaune, ƙaiƙayi ya tashe shi. Zolayar da yake yi wa masu jinya ta ragu. A kan babur ina jin sa yana goga ƙirjinsa a bayana.

Ranar da nas ta ɗaga rigarsa ta daɗe tana kallo. Bayan duk ya yi zane-zane, wasu sun bushe, wasu sababbi, ɗaya a saman kafaɗa, ɓangaren bututun, ya fara ruwa.

"Baba, ana shafa man nan kuwa?"

"Ana yi, 'yata. Ba ki ga robar ta ƙare ba?"

Na buɗe baki. Ya sauko da ƙafa daga gado ya take min babban yatsa, ya danna. Mutumin da ake cewa ba shi da ƙarfi.

Nas ta wanke ciwon ta rufe shi, ta kira likita. Likita ya ji an shafe roba guda ba sauƙi, ya ce to farin shi kaɗai bai isa ba. A ba da sabuwar roba a ci gaba da shi, amma ya ƙara wani, ɗan ƙarami kamar man goge baki, wanda aka haɗa da sinadarin barkono. Nas ta ce a shafa kaɗan ƙwarai, a inda fata take lafiya kawai, ban da kan ciwo, ban da fuska, a wanke hannu da sabulu nan take. Da farko zai yi zafi, da an saba sai ya kashe ƙaiƙayin. In ya taɓa inda bai kamata ba, a goge da man girki, a wanke da sabulu da ruwan sanyi. Ta ƙare da cewa, "Mako mai zuwa in na ga ciwon kafaɗar nan ya ƙaru ko ya yi ɗan'uwa, gado za mu ba ku. Na gama magana."

A hanya na kasa haƙuri. "Yaya, me ya sa ka yi mata ƙarya?"

"Kalli gabanka, ga rami."

"Na ga ramin. Me ya sa?"

"Ɗana ne. Ni na haife shi, ni kuma zan kai ƙararsa wurin nas?"

Da muka isa ya tara mutanen gidan da kansa. Ya ɗaga ƙaramin ya ce, "Wannan kada kowa ya taɓa. Ba irin wancan ba ne, wuta ne." Ya sa su duka biyun a firji. Ina fita na ji surukar tana ce wa 'yarta, "Baba ya koyi rowa." 'Yar ta ce, "Ai ƙaramin shi ne na gaske, shi ya sa."

Ranar hutu ce, hantsi ya ɗaga, zafi kamar an buɗe murhu. Ina tsoma tayar keke a ruwa ina neman inda ta huje, sai na ji kamar an saki awaki a gidan Kafinta. Bokiti ya faɗi, wani ya yi karo da ƙyaure. Na ajiye tayar na tsallaka.

'Yar Boko ta kafa kai ƙarƙashin famfo, kumatunta jawur, tana kiran uwarta. Uwar ba ta da lokacinta, ta tsoma ƙafa biyu a bokiti tana yarfa hannuwa kamar mai korar ƙuda. Fason da ta cusa wa farin mai ta cusa wa wannan. Manaja kuwa ba riga, ƙurajen zafi sun feso masa a baya, an lafta masa man barkono a kai kamar ana yaɓen bango. Yana juyi a tsakar gida, ya kai hannu ta sama bai kai ba, ya kai ta ƙasa bai kai ba. Ya waiga ya waiga, sai ya ruga ƙofar ɗakin ubansa, ya ba ta baya, ya shiga sama da ƙasa.

Kafinta yana zaune a kujerarsa ta gefen bango, da safa a hannu, yana kallo.

"Ɗan matsa dama," ya ce. "Nan ya fi kaifi."

"Baba, wane irin abu ne ka kawo mana gida?"

"Ban kawo muku ba."

Surukar ta ce wa 'yarta ta ɗora ruwan zafi. Kafinta ya ce, "In kuna so ku ga tashin duniya, ku sa ruwan zafi. Ku ɗauko man girki ku goge, ku bi da sabulu da ruwan sanyi. Ke 'Yar Boko, kada hannun nan ya je idonki. Mai Faci, cire min wannan abin."

Na zare masa safar. Matan suka yi ɗakin girki. Ya nuna wa Manaja ƙasa a gabansa ya ce, "Zauna." Manaja ya zauna kamar ɗan yaye. Kafinta ya zuba mai a tafinsa ya ɗora a bayan ɗansa, hannun nan da aka ware wa kofi da tawul, ya shiga gogewa a hankali, yana bi da tsumma.

"Nan ne ko? Tsakanin kafaɗu, inda in ka bi ta sama ba ka kai, in ka bi ta ƙasa ba ka kai?"

"Nan ne, Baba."

"Na san wurin." Ya ƙara mai. "Wa ya shafa maka?"

 Manaja ya nuna ɗakin girki da haɓa.

"Ashe ana kaiwa," in ji Kafinta.

Ya wanke masa da sabulu, na zuba ruwan sanyi. Manaja ya sauke numfashi, ya ce ya fara sauƙi, ya yunƙura zai tashi. Kafinta ya ce, "Dakata." Ya wanke hannunsa tas, ya ce in miƙo masa farar robar daga firji. Ya ajiye ta a gaban ɗansa. Sannan ya juya kujerarsa, ya kama gindin riga ya ɗaga ta har wuya.

Ina tsaye ina kallon fuskar Manaja. Watanni ana gida ɗaya, ranar ya fara ganin bayan ubansa. Matan sun fito daga ɗakin girki da mai a fuska da ƙafa, suka tsaya. Surukar da ta ce da kunya, ba ta kau da kai ba. Ta rufe bakinta da gefen zane.

Manaja ya buɗe robar. Sai na ga idonsa yana yawo, ya sauka kan wata baƙar leda da ke rataye a ƙusa. Ya miƙa hannu.

Kafinta bai waigo ba, amma ƙarar leda ba ta ɓoyuwa.

"Ni da na shafa maka, leda ka ga na sa?"

Manaja ya saki ledar. Ya jiƙa tsumma ya dafa bayan da shi kamar yadda uban ya gaya masa, ya lakato mai, ya ɗora tafinsa.

"A hankali. Kewaye na kafaɗar, nas ta rufe shi. Ba takalmi kake gogewa ba."

'Yar Boko ta fashe da dariya, ta tuna kumatunta ta fasa.  Manaja ya bi bayan nan lungu-lungu. Kafin ya gama, kan Kafinta ya sunkuya, rigar tana rataye a wuyansa, ya fara minshari da rana tsaka. Ba wanda ya motsa. Har ƙyauren da ya sha mai ya taimaka, na fita bai yi ƙara ba.

Da mako ya zagayo nas ta ɗaga rigar, ta danna gefen ciwon, ta ce ya bushe. Ta ce, "Sabon man ya karɓe ku, Baba." Ya ce, "Ƙwarai. Duk gidan ya yi wa aiki." Ba ta gane ba, ni kuma na janye ƙafata kafin ya taka.

Ba zan ce gidan ya zama aljanna ba. Har yau kofinsa daban yake. Surukar fasonta ya dawo, kuma ni take harara, kamar ni na shuka barkonon. Manaja wata rana yakan yi kamar ya manta, ya fito da jaka yana sauri, sai in ɗaga murya daga rumfa in ce, "Manaja, baya." Ya tsaya, ya kalli agogo, ya koma ciki. Ƙaiƙayin ma bai tafi duka ba, irin wannan ciwo ba ya sallama. Amma robar yanzu tana daɗewa, takalmin Manaja ya koma yadda Allah ya yi shi, kuma Kafinta ya koma kushe kujerun asibiti.

Kwanaki Manaja ya kawo mai fenti a gyara ƙofofi. Da aka zo kan ta ɗakin uban, Kafinta ya fito ya tare. Ya ce a fente ko'ina, a bar masa wannan gefen yadda yake.

"Baba, ai muni zai yi. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya."

"Ya tambaya mana. Kai za ka ba shi amsa."

Gefen yana nan yana ƙyalli. Ni dai abin da na sani, mutanen gidan nan ba mugaye ba ne, ba su taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba musu. Da ya kwanta a gadon nan bai tashi ba, da sun yi kuka na gaske, da sun ce sun yi iya ƙoƙarinsu, ga robobin magani nan da suka ƙare shaida. In kana da marar lafiya a gida, bar duba robar. Je ka ɗaga rigarsa.